Karatun Baya-Baya

Ni aikina duba rubutu ne a maɗaba'a. Jan Biro suke ce mini a wurin aiki, kuma ba na jin haushi, don sunan ya zauna mini daram. Littafi ba ya shiga inji sai ya bi ta teburina, ni ce idon ƙarshe. Manaja shi ke karanta labarin ya gyara zance, ya yi ta ciniki da marubuta a kan abin da za a cire da abin da za a bari. Ni kuwa haruffa nake farauta: ƙugiyar da ta faɗi, kalmar da aka maimaita, kalmomi biyu da suka manne da juna.

A shekarata ta farko na sha kunyar da har yau in na tuna sai na ji zufa. Wani labari ne ya ɗauke ni, ina dubawa ina share hawaye, ashe layi guda ya fito sau biyu a tsakiyar shafi ban gani ba. An buga kwafi dubu biyu a haka. Manaja bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zo ya ajiye littafin a buɗe a gabana, ya ɗora yatsa a kan layin, ya juya ya tafi. Tun daga ranar na daina karanta labari ta gaba. Sai in buɗe shafin ƙarshe, in ɗora rula, in fara daga kalmar ƙarshe in yi ta hawa sama, kalma bayan kalma, har in fito ta shafin farko. In ka bi rubutu a haka babu labarin da zai ja ka, kowace kalma tsaye take ita kaɗai. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina yi, kuma ba a sake dawo mini da littafi ba.

Ribar aikin ɗaya ce: duk littafin da muka buga ana ba ni kwafi guda. Ni ba karantawa nake yi ba, a kwali nake zuba su a ƙarƙashin gado. Ƙanwata Auta ce ke kwasa tana karanta wa mahaifiyarmu da yamma, tun da yanar ido ta hana Umma ganin rubutu. Umma kuwa ba abin da take so irin labaran iyali na zamanin nan, waɗanda ake ɓatawa a babi na uku a shirya a babi na ƙarshe, kowa ya rungumi kowa. In na wuce na ji su, sai in ce, "Umma, wallahi a takarda kawai ake irin wannan shirin." Ita kuma ta ce, "Ke dai wuce, Barkono, ba da ke ake ba." Barkono shi ne sunana na gida, kuma shi ma ban ce an zalunce ni ba.

Mu uku ne a gidan. Da mu biyar ne. Baba ya rasu shekara goma sha bakwai da suka wuce, sai kuma Yaya, babban ɗan Umma, wanda ba a ambatonsa. Baba mai gyaran agogo ne, ya so Yaya ya gaji shagon, Yaya ya ce shi tuƙin manyan motoci yake so. Suka yi ta sa-in-sa har Baba ya ce in ya fita kada ya dawo, shi kuma ya ɗauki jakarsa. Bayan shekara biyu Baba ya kwanta a asibiti. Kwana tara ya yi, kuma daga kwana na biyar ba sunan da yake kira sai na Yaya. An aika masa tun ranar farko. Ban ga ƙeyarsa ba sai ranar da aka binne Baba, ya shigo da rana tsaka, gida cike da masu gaisuwa. Ni na tare ƙofar falo na kore shi a gaban kowa. Ina da shekara ashirin da biyu a lokacin, kuma har zuwa makon jiya ban taɓa yin nadama ba. Ya kira wayata sau biyu a shekarar farko, na katse, daga baya na canja lamba.

Ranar Laraba aka ɗauke wuta a maɗaba'a, janareta ya ƙi tashi, Manaja ya sallame mu da wuri. Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na iso gida. Ina cire takalmi a bakin falo na ji muryar Auta tana karatu, da irin muryar nan da take yi in ta zo wurin faɗa.

"Sai ƙanwar ta tare ƙofa, ta ware hannuwanta biyu, ta ce masa, 'Koma inda ka fito. Uban da kake nema mun binne shi da safe.'"

Takalmi ɗaya a ƙafata, ɗaya a hannuna, na daskare. Maganata ce. Ba mai kama da ita ba, ita ce, ko kalma ɗaya ba a canja ba. Auta ba za ta sani ba, shekararta shida lokacin, tana gidan maƙwabta ma aka yi abin.

Na yaye labule na shiga. Umma tana zaune a kujerarta ta kullum, amma ta miƙe baya kamar mai jiran allura, hannuwanta biyu sun danne gwiwoyinta. Shayin da ke gefenta ya huce, har ya yi yana a sama.

"Auta, mene ne wannan kike karantawa?"

"Littafi mana, Anti. Mai shuɗin bangon nan. Tun shekaran jiya muka fara, Umma ta hana ni tsayawa, ko sallar la'asar da ƙyar ta bar ni na yi. Ke ba ki ga yadda wannan ƙanwar take da baƙin hali ba, wallahi da ina wurin sai na mare ta."

"Auta," in ji Umma. "Koma baya. Karanta mata wurin asibitin."

"Haba Umma, sau biyu fa na karanta miki shi."

"Na ce ki koma."

Auta ta dube ta, ta dube ni, ta lashi yatsa ta fara juya shafuka. A littafin uban mai gyaran rediyo ne, ba agogo ba, amma ɗansa direba ne. Ta karanta yadda saƙo ya same shi a hanya, ya bar mota da kaya a hannun abokin aikinsa, ya iso asibiti a rana ta biyu. Uwarsa ta tare shi a baranda, ta riƙe masa hannu, ta ce likita ya ce kada a bari komai ya tayar wa uban da hankali, ya tafi, in jiki ya yi sauƙi za ta kira shi da kanta. Ta roƙe shi kada ya bari kowa ya san ya zo, don kada maganar ta kai kunnen uban. Ya dawo a rana ta huɗu, ta sake mayar da shi. Ya dawo a rana ta bakwai, ya zauna a benci a ƙarƙashin matakala tun safe har azahar. Daga nan ya hango ƙanwarsa ta wuce da kular abinci, wadda murfinta ya tsage aka ɗaure shi da robar tayar keke. Ya buɗe baki zai kira ta, ya tuna alkawarin da ya yi wa uwarsa, ya yi shiru.

Kular nan ni na ɗaure ta da hannuna. Ja ce, mai hoton furanni, robar kuma daga keken Baba na yanko ta.

"Ƙarya ne," na ce. Na ji muryata ta yi sama. "Labari ne kawai, wani ne ya zauna ya ƙirƙira. Kula nawa ce a duniya mai tsagaggen murfi?"

"Ya zo," in ji Umma.

"Wa ya zo?"

"Yayanku. Sau uku ya zo, ni na mayar da shi."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, da takalmin har yanzu a hannuna. Auta ta saki baki, littafin ya zame daga cinyarta ya faɗi.

Umma ba ta yi kuka ba, ta dai yi ta magana tana fuskantar bango. Ta ce tsoro ta ji kada su haɗu jinin Baba ya hau. Da Baba ya fara kiran sunansa sai ta ce bari ya ɗan ƙara ƙarfi, gobe. Ranar da Yaya ya zo na uku Baba yana barci, ta ce masa ya bari sai jibi. Jibin ta zo babu Baba.

"To ranar da na tare shi fa?" na ce. "Umma, kina zaune! Kina ji na ina zazzaga masa, kina zaune!"

"Ina zaune. Ya dube ni, na sunkuyar da kai. Dangin ubanku ne cike da falon. Da na buɗe baki, cewa za su yi ni na raba uba da ɗansa har kabari. Na ce bari mutane su watse in gaya miki. Da suka watse na ce bari a kwana biyu. Ke kuma kullum in an ambace shi sai ki tashi kamar za ki ci mutum. Sai na ji tsoronki, Barkono. Wallahi tsoronki na ji."

Uwata, wadda ta haife ni, ta ce tsorona take ji. Sai na juya kan Auta, don dole in juya kan wani.

"Ke kuma a gidan wa kika samo wannan littafin?"

"A kwalinki mana, Anti. Ina kuwa nake samun littafi?"

Na fizge shi daga ƙasa. Sunan da ke bango ba sunan kowa ba ne, irin sunan aron nan da marubuta ke sa wa kansu. Na buɗe shafi na biyu, inda muke jera waɗanda suka yi aiki. Ga sunan maɗaba'armu. Ga layin mai duba rubutu, ga sunana cikakke. Sai na tuna shi. Wata huɗu da suka wuce ya bi ta teburina, shafi ɗari biyu da goma sha huɗu, kwana shida na yi a kansa. Na ga kalmar asibiti, na ga rediyo, na ga kula, to wane littafi ne babu asibiti a ciki? Har maganata na bi ta kanta da rula: safe, da, shi, binne, mun. Na duba haruffanta ɗaya bayan ɗaya na wuce abina.

Washegari ƙarfe bakwai da rabi ina bakin ofishin Manaja, tun mai shara bai gama ba. Yana zuwa na bi shi ciki, ko gaisuwar kirki ban yi ba, na ajiye littafin a kan teburinsa.

"Ranka ya daɗe, wa ya kawo wannan?"

"A'a, Jan Biro, lafiya? Kuskure kika gani?"

"Wa ya kawo shi?"

Ya gyara tabarau ya juya littafin. "Oho, direban nan. Wani dogo mai furfura, mutumin kirki. Da ƙafarsa ya zo, ya ce shekara biyu yana rubutawa, a tasha, a wurin jiran lodi, duk inda ya samu sarari. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini, wai ke za ki duba, ba wani ba. Ya ce ya ga sunanki a cikin littattafanmu. Na ce masa ai da ma ba mu da wata."

"Ya faɗi dalili?"

"Bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Marubuta ai kowa da irin tasa. Amma fa ya dame ni. Tun ranar da na ce masa kin fara, kullum sai ya kira. 'Ta gama? Ta ce wani abu?' Da kika gama na ce masa ta samu kurakurai ɗari huɗu da goma sha biyu. Ya ce ban da kurakuran fa? Na ce ita wannan ba ta magana, jan biro ne bakinta. Ya roƙe ni in tambaye ki yadda kika ga labarin. Ai na tambaye ki, ba ki tuna ba?"

Na tuna. Ya leƙo ta ƙofa ina tsakiyar wani aiki, ya ce ya kika ga littafin direban nan. Ko kai ban ɗaga ba. Na ce kamar sauran ne, mai shi dai ya koma makaranta ya koyi inda ake sa waƙafi.

"Ka gaya masa abin da na ce?"

"Yadda kika faɗa, har ina dariya. Shi dai bai yi dariyar ba."

Na dafa teburin da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, yayana ne. Uwa ɗaya, uba ɗaya. Shekara goma sha bakwai rabona da shi. Ƙanwar nan da ke cikin littafin ni ce."

Manaja ya cire tabarau ya ajiye. "La ilaha illallahu. Kika karanta duk wannan, kika ce in ce masa ya koyi waƙafi? Haba, baiwar Allah! Wace irin zuciya ce da ke?"

"Ban karanta ba."

"Kamar yaya ba ki karanta ba? Kurakurai ɗari huɗu fa!"

Na gaya masa yadda nake yi, da rula, daga kalmar ƙarshe zuwa ta farko. Shekara goma sha ɗaya yana wucewa ta bayana, bai taɓa lura cewa shafukana ta hagu suke raguwa ba. Ni ma ban taɓa faɗa ba, don ba wanda ya tambaye ni.

"Tabɗi," in ji shi. "Wato duk littattafan nan namu, ko ɗaya ba ki san abin da ke ciki ba?"

"Ko ɗaya."

Ya riƙe haɓa. Can sai ya ja aljihun teburinsa ya fara tone-tone. "To ai akwai saura. Bayan na gaya masa maganarki ya yi mako uku bai kira ba. Sai ya aiko da sabon babin ƙarshe, ya ce a cire na farkon. Shafi biyu ne kacal, kina hutu lokacin, ni na duba shi da kaina. Na yi ta ba shi baki, na ce tsohon ya fi daɗi, mutane sun fi son a shirya. Ya ce a'a, wannan ne ya faru."

Ya miƙo mini tsohon babin, ga jan birona a jikinsa ko'ina. Na koma teburina na ture rula gefe, na fara daga layin farko, kamar kowane mutum mai hankali. Na ma manta yadda abin yake, idona sai gudu yake yana son komawa ƙasan shafi.

A tsohon babin, direban ya rubuta labarinsa ya aika wa ƙanwarsa ta hanyar da ya san dole ta karanta. Bai zargi uwar ba ko a layi ɗaya, cewa ya yi mace ce da tsoro ya kama, kuma da shi ne a matsayinta da wataƙila haka zai yi. Ƙanwar ma ya ce yarinya ce da ta kwana tara a kan tabarmar asibiti, wa zai ga laifinta. A shafin ƙarshe yana cin abinci a gefen hanya wayarsa ta yi ƙara, ya ɗauka, ya ji an ce, "Yaya, ni ce." A daidai wannan layin na ga jan birona. Na zagaye kalmar Yaya, na rubuta a gefe cewa a matso da ita, ta yi nisa da alamar zance.

Sai na buɗe littafin da aka buga. A nan ƙanwar ta karanta, ta aiko da gyaran rubutu, ba ta ce komai ba. Direban ya yi mako uku yana kwana da waya a aljihun gaba, ko wanka zai shiga sai ya ɗora ta a kan taga. Daga nan ya ce wa kansa ta ba shi amsa, kuma amsar ba laifi ba ce, mutum yana da ikon ya ƙi. Ya mayar da wayar cikin jaka ya tayar da mota.

Na yi kuka a teburin nan har mai ɗinkin littattafai ta bar aikinta ta zo tana tambaya ko rasuwa aka yi mini. Manaja ya kore ta, ya ajiye mini guntuwar takarda da lamba a jiki, ya ce in shiga ofishinsa in rufe ƙofa.

Sau huɗu tana ƙara kafin a ɗauka. Na ji ƙugin injuna da hayaniyar mutane a bayansa.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

Muryarsa irin ta Baba ce sak, har da 'yar shaƙewar nan.

"Yaya, Barkono ce."

Na ji ya matsa daga hayaniyar, na ji an rufe ƙofar mota.

"Akwai wani kuskuren da kika manta ne?" ya ce.

Na cancanci wannan, don haka na haɗiye. Na fara bayani, ina tuntuɓe da kalmomi, ni da nake gyara wa mutane magana. Na gaya masa labarin rula, da layin da ya fito sau biyu, da yadda ban san abin da ke cikin littafinsa ba sai jiya da yamma. Na rantse masa da Allah har sau uku.

"Da baya-baya," ya ce a hankali. "Shekara biyu ina rubuta miki, kika karanta da baya-baya."

"Wallahi, Yaya."

Ya yi wata irin dariya wadda ba daɗi a cikinta. "Wannan ko a littafi na sa shi, Manajanku cewa zai yi in cire, ba mai yarda. To in ba ki karanta ba, ya aka yi kika sani jiya?"

"Auta ce take karanta wa Umma, na shigo na ji."

"Wa take karanta wa?" Muryarsa ta canja gaba ɗaya. "Umma? Umma ta ji littafin nan?"

"Ta ji har wurin da na kore ka. Wurin asibitin sau uku ta sa aka karanta."

"Innalillahi! Ke wace irin mutum ce? Don me kike tsammani na sa sunan aro, na bi ta wurin aikinki? Da ina son ta ji ai da gida zan aiko shi! Shekara goma sha bakwai ina rufa wa matar nan asiri, ke kika kwasa kika kai mata har ɗaki!"

"Ban sani ba, Yaya. A kwali nake zubawa."

"Kullum ba ki sani ba. Ran nan ma ba ki sani ba, amma bakinki bai jira ba." Ya ja numfashi. "Yaya take?"

"Tun jiya ba ta ci komai ba. Ta ce ita ta mayar da kai. Da bakinta ta faɗa."

Na ji yana share hanci.

"Har yanzu gidan nan kuke?"

"Muna nan."

"Ina da kaya a mota, sai na sauke gobe. Ki ce mata Asabar da hantsi ina tafe. Ki ce mata ta ci abinci, ni ban taɓa riƙe ta da komai ba, ko na kwana ɗaya."

"Zan gaya mata." Na danne bakin teburin Manaja da yatsu har suka yi fari. "Yaya, ni fa?"

"Ke me?"

"Ka yafe mini?"

"Da wata huɗu da suka wuce kika tambaye ni, da kafin ki rufe baki na amsa. Na riga na zauna na koya wa kaina cewa ba ni da ƙanwa, kuma da wuya na koya. Yanzu ban sani ba. Wurin Umma zan zo."

Ya kashe wayar.

Manaja ya ce in tafi gida, aikin ya jira. Na samu Umma a kujerar nan, da kayan jiya a jikinta. Auta tana zaune a ƙasa da farantin abinci tana lallashinta, idanunta ita ma sun kumbura. Na durƙusa a gaban Umma na gaya mata na yi magana da shi, Asabar da hantsi zai zo, ya ce ta ci abinci, ya ce bai taɓa riƙe ta da komai ba.

A nan ne ta fashe da kukan da ta riƙe tun jiya. Auta ta rungume ta, suna yi tare. Ni ina durƙushe ina kallonsu, ina murna, wallahi ina murna, amma murnar ba ta cika ba. Shi ya samu uwarsa, ita ta samu ɗanta. Ni ce na tsaya a ƙofa na yi aikin da ba nawa ba, kuma ni ce har yanzu ba a san matsayina ba.

Da ta ɗan lafa sai ta lalubo fuskata da hannu, ta riƙe kumatuna kamar ina ƙarama.

"Barkono, shi ya yafe mini. Ke fa? Na bar ki kika rasa yayanki shekara goma sha bakwai a kan abin da ni na yi. Kin yafe mini?"

Auta ta zuba mini ido, tana gyaɗa kai, tana nuna mini in ce e. Na so in faɗa. Kalma ce guda, uwata ce, tsohuwa ce, hannunta yana kan fuskata. Na buɗe baki, ta ƙi fitowa.

"Ki ci abinci tukuna, Umma," na ce.

Ta gane. A hankali ta sauke hannunta daga fuskata, ta ce wa Auta ta miƙo farantin.